Potasiyom ya fito mini da p = 0.03, in canza kan kundina?

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a nan Garwa, saura 'yan makonni in miƙa kundina. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi gaban waɗanda suka riga mu shiga aikin.

Abin da aka ba ni tun farko mai sauƙi ne: in kwatanta kolesterol na masu hawan jini da na masu lafiya. Masu hawan jinin ba su yi wuyar samu ba, mutum 60 daga cikin masu zuwa karɓar magani duk wata a asibitin da nake koyon aiki. Masu lafiyan ne aiki. Mai lafiya ba ya zuwa asibiti ya miƙa hannu a ɗebi jininsa haka kawai, balle da raɗe-raɗin da ake yi cewa sayar da jinin ake yi. Sai na bi wata tawaga mai auna hawan jini kyauta zuwa wani ƙauye gaba da Pitowa. Duk wanda awonsa ya yi daidai sai in roƙe shi, mai gari ma ya sa baki, har su ma na haɗa 60.

Da yake jini yana hannu, injin kuma yana iya auna abubuwa da yawa da ɗan kaɗan, na ga asara ce in tsaya kan kolesterol kaɗai. Na auna suga, yuriya, kireyatinin, sodiyom, potasiyom, kalsiyom, magneziyom, feritin (ma'aunin sinadarin ƙarfe da jiki ya ajiye), ma'aunan hanta da sauransu, abu 20 cif. Rabin kuɗin sinadaran daga aljihun yayana ya fito, Allah ya saka masa.

Na zuba komai a SPSS, manhajar lissafin alƙaluma ta kwamfuta. Kolesterol ɗin da aka aike ni nema bai nuna komai ba, ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke. Amma potasiyom ya fito: na masu hawan jini ya fi ƙasa, p = 0.03 (p ita ce lambar da ake dubawa a ga ko arashi kaɗai zai iya kawo irin wannan bambanci). Da na ga haka sai na raba mutanen, maza daban, mata daban, 'yan sama da shekara 40 daban, na ƙasa daban. Nan kuma feritin ya fito a mata kaɗai, p = 0.04.

Malamin da ke duba aikina ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce kundin da bai gano komai ba ba ya burge alƙalai ranar karewa, don haka in canza kan ya koma "Ƙarancin potasiyom a matsayin alamar hawan jini a Arewacin Kamaru", in kuma cire ma'aunan da ba su fito ba don kada tebur ya yi cunkoso. Bayanin ma yana shiga hankali: mutanenmu gishiri da magi sun yi mana yawa, 'ya'yan itace masu ba da potasiyom kuwa sai lokacin mangwaro. Har wani abokina mai shirin lafiya a rediyo ya ce in zo mu tattauna.

Sai dai wani yayanmu da ya gama bara ya leƙa kwamfutata, ya ce, "Ka auna ashirin, ɗaya ya fito. To sai me?" Ya hau motonsa ya tafi bai ƙara komai ba. Tun ranar nake juya maganar. Ai an koya mana in p bai kai 0.05 ba, sakamako ya tabbata. Me yake nufi? In canza kan ko in bar shi?

Baban Ikram, Gidar

Wa alaikumus salam. Masha Allah ƙanena, barka da arziki! Kada ka biye wa masu sanyaya gwiwa. Mu da ke ɗakin shan magani kullum muna ganin masu hawan jini suna kukan kasala da ciwon jijiya, ai alamar ƙarancin potasiyom ke nan. Kullum sai mu jira Turawa su gano mana abin da ke jikinmu? Ga namu ya gano da kansa. Lamba dai ba ta ƙarya, 0.03 ƙasa take da 0.05. Ka je rediyon, a faɗa wa jama'a su riƙa cin ayaba, su ɗan ƙara kanwa a kunu.

Malam Na-Lissafi, Gaundare

Baban Ikram, ka yi haƙuri, zan ɗan rage wa yaronmu murna. Ni ba likita ba ne, lissafi nake koyarwa a lise, wato sakandare, amma duk ƙarshen shekara ɗaliban lafiya suna kawo mini teburansu, kuma ba a taɓa rasa mai irin wannan tambaya.

Ɗana, layin 0.05 ba hatimin gaskiya ba ne. Yarjejeniya ce da ta bazu tun zamanin Ronald Fisher a shekarun 1920. Abin da take cewa shi ne: ko da babu bambancin komai tsakanin ɓangarori biyu, sau 1 cikin 20 arashi kaɗai zai sa lamba ta tsallake layin. In tambaya ɗaya ka yi, wannan haɗarin ba shi da yawa. Kai kuwa ashirin ka yi. Ɗauki kalkuleta ka ninka 0.95 da kansa har sau 20, za ka samu kusan 0.36. Wato ko da mutanenka 120 duk jininsu iri ɗaya ne, damar a ce aƙalla ma'auni ɗaya ya fito maka ta kai 64 cikin 100. Lissafin ba cif yake ba, tunda wasu ma'aunan kamar yuriya da kireyatinin tare suke tafiya, amma ba shi da nisa da haka. Jifa ne a tsakiyar kasuwar Pitowa ranar Lahadi: ba za ka rasa wanda ka sama ba, amma ba ka ce shi ka auna ba. Abin da yayanka yake nufi ke nan, bai dai tsaya ya yi maka bayani ba.

Feritin ɗin ya fi rauni. Ka gwada abu 20 a kan kowa, sannan a maza, a mata, a manya, a matasa. Gwaji 100 ke nan, kuma a cikin 100 ana sa ran wajen 5 su fito ba dalili. Ni mamakina ma da biyu kawai ka gani.

Akwai labarin da nake ba kowane ɗalibi. A 1988 mujallar Lancet ta buga wani babban gwaji mai suna ISIS-2, mutum 17,187 da suka samu bugun zuciya, a ƙasashe 16. An ga aspirin yana rage mutuwa da wajen kashi 23 cikin 100 a makonni biyar na farko. Aka matsa wa masu binciken su rarraba mutanen a ga su wa maganin ya fi amfana. Richard Peto na Oxford da abokan aikinsa suka amsa, amma suka haɗa da rabo bisa burujin da aka haifi mutum a ciki. Me ya fito? Waɗanda aka haifa a Jauza'u da Mizani aspirin bai amfane su ba, mutuwar ma ta ɗan fi yawa a cikinsu, sauran burujai goma kuwa ya yi musu aiki sosai. Da gangan suka buga wannan, don likitoci su gani da idonsu cewa in ka yanyanka mutane kashi-kashi, lamba za ta ba ka kowane irin labari. Mutum dubu goma sha bakwai fa. Kai matanka nawa ne, talatin da wani abu?

Hanya mafi sauƙi ta gyara ita ce wadda ake jingina wa Carlo Bonferroni, masanin lissafi ɗan Italiya: raba 0.05 da yawan gwajin da ka yi. Naka 0.05 ÷ 20 = 0.0025. Potasiyom ɗinka bai ko kusanci wannan ba. Masu binciken ƙwayoyin gado, da yake suna gwada wurare kusan miliyan a lokaci guda, layinsu 0.00000005 ne.

Ban ce ka gaya wa malaminka magana ba, yana da girmansa. Amma cire ma'aunai 18 daga tebur shi ne abin da ba zan yarda ɗalibina ya yi ba, don mai karatu zai ɗauka abu biyu ka nema ka kuma same su duka biyun.

Hajiya Mai Labo, Marwa

Malam ya yi nasa na lissafi. Ni kafin in ce komai, ɗana, ba ni amsar waɗannan. Jinin 'yan asibiti, bayan minti nawa kake juya shi a injin raba ruwan jini da ƙwayoyinsa? Na ƙauye fa, a ina aka juya shi, ƙarfe nawa? Me ka sa a cikin kular? Da ka raba ruwan jinin, wane launi ka gani? Kuma wace kwalba kake fara cikawa, mai jan murfi ko mai shuɗin-ja ta ƙidayar jini?

Ɗan Yelwa, Garwa

Ranki ya daɗe Hajiya. Na asibiti ba ya wuce rabin awa, labo ɗin yana kusa da ɗakin ɗibar jini. Na ƙauye kuwa babu wuta a can, don haka mukan fara ɗiba da hantsi, in jera kwalaben a kula a kan ƙanƙara saboda zafin Afrilu, sai bayan azahar in ɗaura ta a bayan moto in kawo Garwa a juya. Hanyar kafin a hau kwalta duk gargada ce. Wasu kam ruwan nasu ya ɗan yi ja-ja, amma ba sosai ba. Mai jan murfi nake fara cikawa, wannan an koya mana.

Hajiya Mai Labo, Marwa

To, madalla da ka fara da jar kwalba, don waccan ta ƙidayar jini sinadarin da ke hana daskarewa a cikinta shi kansa potasiyom ne, ɗigo kaɗan ya shiga ɗayar sai ka ga lambar da mai rai ba ya kai wa, kalsiyom kuma ya faɗi ƙasa. Wannan ƙofar ka rufe ta. Saura biyu a buɗe.

Potasiyom ɗin jikin mutum kusan duk a cikin ƙwayoyi yake zaune. Wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ya ninka na ruwan jini fiye da sau 20. A ruwan jini tsakanin 3.5 da 5.0 kawai ake nema, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya ɗaga lamba. Ƙwayar tana da wani famfo a jikin fatarta mai mayar da potasiyom ciki, kuma sanyi yana kashe masa ƙarfi. Shi ya sa jinin da ba a juya ba, in aka kwantar da shi a kan ƙanƙara ko a firiji, potasiyom ɗinsa hawa yake yi awa bayan awa. Yara da yawa suna ganin ƙanƙara gata ce ga kowane jini. Ga suga gata ce, ga potasiyom ɓarna ce. Sai a ƙara da girgizar moto, wadda ke farfasa ƙwayoyin. Ja-jan da ka gani shi ne shaidar fashewar.

Ka ga yadda abin ya kasance? Duk masu lafiyanka jininsu ya sha ƙanƙara da gargada, duk marasa lafiyanka nasu bai sha ba. Mai yiwuwa ba na masu hawan jini ne ya sauka ba, na ƙauyen ne ya hau a hanya. Da Malam zai ba ka p = 0.0001 ma ba zan yarda ba, don irin wannan ba arashi ba ne, ƙara yawan mutane ba ya gyara shi, sai ma ya ƙara wa kuskuren ƙarfi.

In ka rubuta lokacin ɗibar kowa a rajista, duba abu ɗaya: waɗanda aka ɗiba da hantsi sun fi daɗewa a kula a kan na kusa da azahar. In potasiyom ɗin na hantsi ya fi yawa, ka kama ɓarawonka. In kana son hujjar da ba gardama, nemi abokan karatunka goma, ka ɗibi kwalba biyu-biyu. Ɗaya ka juya nan take, ɗayar ka sa a kular nan da ƙanƙararta, ka kai ta Pitowa ka dawo, ka bar ta sai la'asar. Gwaji 20 ne kacal.

Feritin kuwa ba na ɓata bakina. Yana hawa da zazzaɓin cizon sauro da kowane irin kumburi a jiki, yana sauka da haila da haihuwa. In ba ka auna CRP, ma'aunin kumburi a jini, tare da shi ba, ba ka tambayi matan nan ko sun daina al'ada ba, ba ka san abin da ka auna ba.

Dokta Abba, Njamena

Gaisuwa ga Hajiya da Malam. Ni inda na ɗan saɓa da Malam shi ne Bonferroni. Wuƙarsa tana da kaifi da yawa, in aka bi ta a ƙaramin bincike har abin da yake gaskiya sai ta yanke. Ɗalibi yana da damar ya leƙa ma'aunai ashirin, laifin kawai ya sayar da abin da ya tsinta a matsayin abin da ya fita nema.

Ga tambayar da ba a yi ba: mutanenka 60 wane magani suke sha? Ka ce masu karɓar magani ne duk wata. A yankinmu da yawansu suna kan magungunan sa fitsari irin su hidrokolorotiyazid, don suna da araha kuma suna aiki, kuma sanannen halinsu ne zubar da potasiyom ta fitsari. In haka ne, hawan jinin ne ya kawo magani, magani ya sauke potasiyom, ba akasin haka ba. Koma ga katunansu ka ware masu shan sa. Kasalar da Baban Ikram yake gani ma ta iya zama daga nan. Wanda kuma ka samu ƙasa da 3.5 alhali ba ya shan irin wannan magani, ka kai wa likitansa takardar, don akwai ciwon da Jerome Conn ya bayyana a 1955, inda jiki ke fitar da aldosteron, sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da potasiyom, fiye da kima, ya haɗa wa mutum hawan jini da ƙarancin potasiyom.

Ko alaƙa ta tabbata, ba ita ce sababi ba. An yi shekaru ana ganin masu yawan wani sinadari mai suna homosisteyin a jini sun fi samun ciwon zuciya, kuma an san folik asid da bitamin B suna sauke shi. A 2006 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito, NORVIT a Norway da mutum 3,749, da HOPE-2 da mutum 5,522. Homosisteyin ya sauka kamar yadda aka so, bugun zuciya da mutuwa ba su ragu ba. A 2011 John Ioannidis da abokin aikinsa sun bi diddigin alamomin jini da makamantansu guda 35 da suka fi shahara a mujallu. A 30 daga ciki, binciken da ya fi yawan mutane ya samu alaƙar da ba ta kai ƙarfin wadda aka yi ta yayatawa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne rigakafin zazzaɓin cizon sauro, RTS,S. A babban gwajinsa na 2009 zuwa 2014, yara fiye da 15,000 a ƙasashen Afirka 7, an ga sanƙarau ya fi yawa a wani rukunin yaran da aka yi wa allurar, an kuma ga kamar mutuwa ta fi yawa a 'yan mata. Mu da ke zaune a yankin sanƙarau mun san nauyin wannan magana. Ba a ɓoye ta ba, ba a kuma hau rediyo da ita ba. An rubuta tambayoyin tun kafin a fara, aka sa ido a kan sababbin yara a Ghana, Kenya da Malawi daga 2019. Alamun ba su sake fitowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Oktoban 2021, ku kuma a Kamaru kuka zama na farko da kuka sa shi cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024.

Batun potasiyom da hawan jini kansa ba shirme ba ne. A 2021 an buga wani gwaji daga ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, mutum kusan 21,000, inda aka musanya gishirin girki da wanda kashi ɗaya bisa huɗunsa potasiyom ne, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Amma wancan gwaji ne ya nuna haka, ba teburinka ba.

Baban Ikram, don Allah a bar maganar kanwa. Wadda ake haƙowa a Kanem da bakin Tabkin Chadi yawancinta sodiyom ne, ɗan uwan gishiri, mai hawan jini ragewa ya kamata ya yi. Mai ciwon ƙoda kuma in ya ɗura wa kansa potasiyom, zuciyarsa tana iya tsayawa.

Ɗan Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya ƙara girma. Na koma ga katunan, fiye da rabinsu suna kan maganin fitsarin da Dokta ya faɗa. Rajistar ƙauye kuma lambar layi kawai ke ciki, babu lokaci, amma da yake a jere aka ɗiba zan iya kwatanta na farkon layi da na ƙarshe. Na nuna wa malamina maganar kula. Ya yi shiru, sannan ya ce kan kundin ya zauna yadda yake, teburin ma'aunai 20 ya shiga gaba ɗaya, gwajin kwalba biyu-biyu kuma in ya yiwu ya zama babi na kansa. Abokan karatu bakwai sun yarda, sauran suna tsoron allura duk da su ke yi wa mutane. Hajiya, bakwai sun isa?

Hajiya Mai Labo, Marwa

Sun isa, tunda kowa da kansa za ka kwatanta shi. Ka rubuta a takarda tun yau cewa potasiyom kaɗai za ka duba, malaminka ya sa hannu da kwanan wata. Wajen ɗiba kada ka bari su riƙa dunƙule hannu suna buɗewa, shi ma yana ɗaga potasiyom, igiyar dantse kuma kada ta wuce minti ɗaya. Ka jefa kwabo a kan wace kwalba ce za ta hau moto, kada kullum ta biyu ta zama mai tafiya. Ta gidan ka juya ta nan take ka kwashe ruwanta a wata kwalbar, ka rufe, sai ta tafiyar ta dawo ka auna su tare a zubi ɗaya.